A Zauna Daidai Kada Mu Kife

Batsari,
farkon kaka.

Zuwa ga ɗiyata Ramlatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da ɗaliban nan naki da kika ce sun fi ki baki. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Innarki tana gaishe ki. Ta ce in gaya miki ƙafar ta yi sauƙi, amma ni da nake jin salatinta in za ta tashi daga tabarma, na san sauƙin na baki ne. Tun da aka yanke mana layin waya muka koma zamanin da, shi ya sa kika ga takarda a hannun Tayyib direba. Ki ba shi ruwa ya sha, kada ki ba shi sirri.

Akwai wata magana da na taɓa ji cikin damina a rumfar masu goro, na ƙi yarda da ita. Wai a cikin dajin nan, inda 'yan bindiga ke tsare mutane, akwai wani wuri da ake jin dariya tana tashi. Ba dariyar masu bindigar ba, ta waɗanda aka ɗaure. Wai wani tsoho ne a cikinsu yake jera su a ƙasa kamar fasinjoji, ya ɗauki kara yana tuƙi, yana yi musu tsawa su zauna daidai kada su kife. Mai goron ya ce daga bakin wata mata ta Ruma maganar ta fito, amma shi ba a wurinta ya ji ba, a wurin wanda ya ji a wurin wani ne. Na ce masa labarin da ya ratsa bakuna haka ai ya riga ya zama tatsuniya, saura a ce ƙurunƙus. Wa zai yi dariya da igiya a ƙafa? Na sayi gorona na yi gaba.

Saƙonki ne ya tuno mini da ita. Kin ce in aiko miki da tsohon kwafina na Kwalekwalen Na-Tudu, za ki koyar da shi, har kina son ki yi rubutu a kansa ki karanta a gaban manyan malamai. Ramlatu, sai da na goge tabarau na sake duba layin nan. Littafin da muke karantawa a gindin bedi, mu yi ta dariya har wani ya sarƙe da goro a nemo masa ruwa, shi ne za a shiga da shi aji a ce kowa ya buɗe shafi kaza? Ba raina shi nake ba. Kin san in aka cire na addini ba ni da littafin da na fi so. Amma a sanina abin da ake kai wa gaban malamai shi ne mai wa'azi ko mai sa kuka. Wannan kuwa labarin wani bawan Allah ne da ya tafi cin rani bakin babban kogi, ya dawo garinsu Fako da kwalekwale a bayan mota, garin da ko rijiyarsu sai an lallashe ta. Ya ajiye abinsa a busasshen rafi, ya zauna da filafilin tuƙi a hannu yana jiran fasinja.

Kin tuna inda dagaci ya rasa yadda zai yi da wa da ƙanen nan masu rikicin iyakar gona, ya sa aka ɗora su a ciki, aka ce ba mai sauka sai an kai gaci? Na-Tudu ya yi ta tuƙin yashi tun hantsi har azahar, yana faɗa musu su zauna daidai kada su kife, har rana ta gasa su suka sasanta don kansu. To har gobe in an cika a-kori-kurar Tayyib da mutane da buhuna da akuyar wani, sai ka ji murya daga can baya ta ce a zauna daidai kada mu kife, mota ta fashe da dariya, har da waɗanda ba su san daga takarda maganar ta fito ba. Wannan ma yana cikin abin da ya sa na ƙaryata mai goro. Na ce wani ne ya ɗauko maganar littafi ya liƙa wa bala'i don hira ta yi armashi.

To ki gaya mini, don ina son in sani, ba gatse nake yi ba: me ake tonowa a ƙarƙashin dariya? Mu Goggo Jinjiri ce ta raine mu da tatsuniya, ni da ɗanta, Babanki Armaya'u, a tabarma ɗaya. Ita in ta gama ba ta cewa ga darasi. Cewa take a tashi a ba ta wuri.

Tun da na ambaci Armaya'u, kin dai ji an sako shi, alhamdu lillahi, bayan watannin da ya yi a hannun 'yan bindigar nan tun ranar da aka tare su a hanyar gonarsa ta Runka. Yana Safana a gidan ɗansa Muntaka. Ban samu zuwa ba tukuna saboda halin da hanya take ciki. Waɗanda suka je jaje sun ce babu rauni a jikinsa, sai dai ba ya magana. Armaya'u fa! Mutumin da ko a wurin jana'iza sai an zungure shi yake yin shiru. In Allah ya kai mu mako mai zuwa zan bi Tayyib in gano shi.

Littafin kuwa ki ƙara haƙuri. Na ciro shi daga akwati, na tarar gara ta ɗanɗana bangonsa. Tun da makarantar manya za shi, bari in sake duba shi kada ya je ya ba ni kunya.

Ki gaida maigidan da kyau. Ki gaya wa amaryata Jannat har yanzu ban ga tuwona ba, in ta ci gaba da haka zan yi mata saki uku in nemi wata jikar.

Wassalam. Ni ne mahaifinki,
Rabe.

Batsari,
ana yankan gero.

Ɗiyata Ramlatu,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Amsarki ta iso, da man zafin Innarki, Allah ya yi albarka. Kin ce za ki duba jigo da salo da zubi. Na gode, amma har yanzu ina inda nake. Sai tambayar da kika yi mini a ƙasa, wai me na gani a babin ƙarshe. Zan zo kanta.

Na je Safana. Gara in ba ki labarin yadda yake, kada ki ji a bakin Tayyib da ƙarin gishiri.

Muntaka ɗa ne na gari, kowa ya shaida. Ya kai uban asibiti an duba jini ba a ga komai ba, ya karɓo rubutu, ya yi sadaka. Sannan ya kafa doka a gidan. An kashe rediyo. An kai yara maƙwabta su yi wasansu can. Duk wanda zai shiga zaure sai an raɗa masa a ƙofa cewa ya rage murya, kada a yi maganar daji, kada a yi raha. Na tarar da mutane sun cika wuri, kowa kai a sunkuye, in wani ya ce Allah ya kiyaye gaba sai sauran su ce amin kamar ana tsoron kada amin ɗin ta fasa wani abu. Shi kuma an sa masa sabuwar riga fara, an jingina shi da matashi a kusurwa. Ya rame, wuyan rigar ya yi masa yawa.

Ke kin san abin da ke tsakanina da shi. Taubashina ne. Shi ɗan mace, ni ɗan namiji, don haka tun muna yawo ba wando nake kiransa bawana, shi kuma yana ce mini ubangidan tsiya. Ranar ɗaurin aurensa na shawarci dangin amarya su duba haƙoransa kafin su karɓa. Ranar da na bar aikin koyarwa ya tako har Batsari don ya yi wa yaran gari barka da arziki. Ban taɓa gaishe shi gaisuwar kirki ba, shi ma bai taɓa ba. In ya zo ya tarar ina karanta Na-Tudu a majalisa, juya mana baya yake yana tufkar igiya, yana cewa a dubi manya da gemu suna dariyar ƙaryar takarda.

Da na shiga ya ɗago kai. Na ga idonsa ya ɗan yi haske, har ya gyara zama, bakinsa ya ɗan buɗe kamar mai jiran a jefo masa abu ya cafe. Ni kuwa na kasa jefa masa kalmar da na saba kiransa da ita. Mutumin da aka ɗaure da igiyar gaske, aka kora shi daji kamar dabba, ta yaya zan buɗe baki in ce masa bawa? Sai na durƙusa, na kama hannunsa da hannu biyu, na ce sannu Malam Armaya'u, Allah ya sa kaffara ce. Ya dube ni, ya dube ni, sannan ya zare hannunsa a hankali ya juya fuska ga bango. Na ce a raina gajiya ce, baƙi sun yi masa yawa.

Da zan tafi matarsa Zuwairatu ta tsayar da ni ta bayan zana. Ta ce tuwo sai ta yi da gaske yake kai loma, fura kuwa ya kurɓa ya ture. Ta ce ya kira maƙwabcinsu ya nuna masa galmarsa da hannu ya ɗauka, ya ba ladan hularsa ta zuwa Juma'a. Ita tana ganin alheri ne ya ƙaru masa bayan wahala. Amma mu da muka tsufa mun san abin da ake nufi in manomi ya kyautar da galmarsa da ransa. Ramlatu, in abin ya ci gaba a haka, ba na jin Babanki zai ga an ɗaure dawa.

Game da tambayarki, ki yi dariya in kin so: babin ƙarshen nan sau ɗaya na taɓa karanta shi, tun ina saurayi, ban kuma ba. A majalisa kullum a babin aurar da ɗiyar mai nama nake rufewa, inda aka ɗauko amarya a kwalekwale 'yan rakiya suna tafe a ƙasa suna ɗage zane kada ruwa ya jiƙa su. Nan dariya take ƙarewa, nan mutane suke tashi. Abin da ke bayansa na tuna ba daɗi, shi ke nan. Tun da kin tambaya zan duba.

Ki sa Babanki a addu'a. Innarki na gaisuwa.

Mahaifinki,
Rabe.

Batsari,
ranar Talata.

Ramlatu ɗiyata,

Sallama da gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Ina fata kuna lafiya. Wannan ba amsar takardarki ba ce, don ba ta iso ba tukuna. Ni ne abu ya cika mini ciki, Innarki kuma ta ce in na ƙara yi mata maganar kwalekwale za ta koma gidan ƙanenta.

Jiya bayan la'asar na zauna ni kaɗai a gindin bedi na karanta babin. Kin san shi, amma bari in faɗa miki yadda ya shige ni.

Gara ta cinye kwalekwalen. Wata safiya Na-Tudu ya taka zai shiga, ƙafarsa ta burma. Gari ya taru, kowa ya shirya dariya, sai suka ga fuskarsa. Daga ranar aka daina. Dagaci ya hana yara yi masa waƙa. Mata suka riƙa aiko masa da tuwo a rufe. Mai nama, wanda kullum in ya gan shi sai ya tambaye shi ko ruwa ya ƙaru, ya koma cewa ina kwana Malam. Abin da ya ba ni mamaki, marubucin bai ce Na-Tudu ya yi baƙin ciki ba, ko sau ɗaya. Cewa kawai ya yi yakan karkata hularsa da gangan, ya bi ta gaban mai nama a hankali, ya tsaya, ya jira. Mai nama ya ce sannu Malam. Sai ya gyara hular ya wuce. Daga baya ya ba maƙwabcinsa filafilin, aka wayi gari ba a gan shi ba. Littafin ya rufe da mutanen Fako suna yaba wa kansu a kan yadda suka mutunta shi a ƙarshen zamansa.

Ina saurayi na ɗauka marubucin ne dariya ta ƙare masa, ya rufe labari yadda ya samu. Jiya kuwa da na kai inda ya tsaya yana jira a gaban mai nama, sai na ga kusurwar zauren Muntaka, na ga bakin nan da ya ɗan buɗe. Littafin ya faɗi daga cinyata ban sani ba.

Na ɗauka na koma baya ina bin babi-babi, kamar mai bin sawun akuya. Ashe babu inda aka taɓa Na-Tudu bai rama ba. Mai nama ya ce ko ruwa ya ƙaru, shi kuma ya ce ya ƙaru ƙwarai, a tukunyar romonka. Mu duk shekarun nan muna ganin wawa ake yi wa dariya. Ashe ɗan gari ake tsokana, yana tsokanar gari. A ƙasar nan mutum biyu ne ba a tsokana, baƙo da gawa. Ranar da Fako ta fara girmama Na-Tudu, ranar ta gaya masa ya zaɓi ɗaya a ciki.

Kin ga dabarar mutumin nan, Allah ya jiƙansa? Da wa'azi ya yi mana a kan zumunci, da mun ce Allah ya saka wa malam, mu kaɗe riga mu tashi. Sai ya bari muka yi ta dariya tun shafin farko, muka saba da ita kamar gishiri a miya, har muka zama mutanen Fako da kanmu, sannan ya ɗauke ta ya bar mu mu ɗanɗana lami. Halan wannan ne kuke kira salo. In shi ne, to na fara ganewa, kuma Goggo Jinjiri ma ta iya shi, don akwai tatsuniyoyinta da sai da na binne ta na gane abin da suke cewa.

Amma gane littafi daban, buɗe baki daban. Na-Tudu na takarda ne, ba wanda ya ɗaure shi. In na je na kira Armaya'u da sunan da na saba, a gaban ɗansa da matarsa, ya zamana kalmar ta faɗa daidai kan gyambon fa? In ya zamana shirun nan ba jira ba ne, abin da ya gani ne can ya rufe masa baki? Ni ba likita ba ne, tsohon malamin firamare ne da ya karanta babi guda. Na shawarci Innarki, ta ce in na je na yi wannan ɗanyen aiki kada in ce na san ta.

Ɗazu Tayyib ya tsaya ya ce mini tun shekaranjiya Armaya'u bai fito zaure ba, furar ma ya daina kurɓa. Gobe zan bi shi. Na sa an soya mini gyaɗar da aka kawo daga Karare, na ƙulle a tsumma. Littafin ma zan tafi da shi, ban san dalili ba, wataƙila don in sami wanda zan ɗora wa laifi.

Ki yi mana addu'a, mu biyun.

Mahaifinki,
Rabe.

Safana,
gidan Muntaka.

Zuwa ga ɗiyata Ramlatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara, da fatan kuna cikin alheri. Kin ga daga inda nake rubutu. Na zo da niyyar in juya a ranar, ga shi har an wanke mini riga sau biyu.

Da hantsi na iso. Yana cikin ɗaki a kwance, fuska ga bango. Liman yana zaune a bakin ƙofa da carbi, Muntaka a gefensa, Zuwairatu tana dama fura a tsakar gida ko Allah zai sa. Muntaka ya taso ya raɗa mini dokar gida. Na ce na ji. Na cire takalmi, na tsaya a tsaye a ƙofar, ban durƙusa ba. Sai na tuna mai nama da sannu Malam ɗinsa, na ɗaga murya yadda na saba tun daga bakin titi, na ce: “Kai bawa! Wa ya ba ka izinin tafiya daji ka yi wa wasu bauta ina raye? To ga shi su ma sun gwada ka sun ga ba riba, sai ci, sun maido mini kayana.”

Ludayi ya faɗi daga hannun Zuwairatu. Liman ya ce subhanallahi. Muntaka ya miƙe tsaye, ya ce “Baba Rabe!” da muryar da bai taɓa yi mini ba, kuma ban ga laifinsa ba. Shi kuwa na kwancen bai motsa ba. Can sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Na ce shi ke nan, Rabe, ka zo har gida ka ƙarasa abin da 'yan daji suka fara.

Sai wata murya ta fito daga jikin bango, a dushe kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. “Ubangidan tsiya,” in ji shi. “Bawanka ya ɓace damina guda, ko cigiya ba ka bayar ba. Da akuyarka ce da ka kai Jibiya a ƙasa.” Ya juyo, fuskar duk hawaye, amma bakin na Armaya'u ne. Ya ce ran nan da na durƙusa ina ce masa Malam, ya ɗauka ya mutu ne aka ɓoye masa. Sannan ya nuna ƙullin hannuna ya ce mene ne wannan, in gyaɗa ce in miƙo, in kuma takarda ce in ba awaki.

Muntaka ya fita waje da sauri, na ji shi a bayan ɗaki yana fyace hanci. Liman ya rasa ko ya yi dariya ko ya yi istigfari, ya haɗa duka biyun. Zuwairatu kuwa ta shigo da ƙwaryar fura ta dangwarar a gabansa, ta ce tun da bakin ya buɗe don rashin kunya sai ya buɗe don wannan ma. Ya shanye.

Kada in yi miki ƙarya in ce ya warke. In babur ya wuce da ƙarfi sai ki ga ya ƙame, yakan kuma yi shiru mai tsawo yana kallon ƙafafunsa. Amma yana ci, yana fita zaure, an dawo da yara da rediyo. Jiya ya aika a karɓo galmarsa, wai aro ya bayar. Maƙwabcin ya rantse kyauta ce, a gaban shaidu. Ana nan ana shari'a, ni ne alƙali, kuma kowannensu ya ce an saye ni.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekaranjiya muna zaune a inuwa yana ɓarar gyaɗa, sai ya hango littafin a aljihuna. Ya ce har yanzu ina yawo da ƙaryar takardar nan? Na ce ɗiyarka ce za ta kai ta gaban manyan malamai. Sai ya ce a can inda aka tsare su akwai waɗanda suka daina cin ɗan abin da ake ba su, suka kwanta suna jiran ta Allah. Ya rasa abin da zai yi musu. Wata rana sai ya ja kara ya zana kwalekwale a ƙasa, ya ce kowa ya shigo, mai sauka sai an kai gaci. Ashe duk shekarun da yake juya mana baya yana tufka, kunnensa yana wurina. Ya haddace littafin tas, har da inda nake yin tari. Kullum ya ba su babi guda, yana tuƙi, igiya a ƙafarsa.

Da ya kai aurar da ɗiyar mai nama suka ce sai me ya faru? Shi kuma iyakar abin da ya taɓa ji ke nan, tun da nan nake rufewa. Sai ya saukar wa Fako da ruwa. Rafi ya cika ya batse, Na-Tudu ya yi ta ƙetarar da mutane, ya bar mai nama a ƙarshe sai da ya roƙa. Na ce masa ai ba haka littafin ya ƙare ba. Ya ce to karanta in ji. Na karanta masa, har inda aka karkata hula, har inda aka ba da filafili. Bai katse ni ba, abin da bai taɓa yi ba. Da na rufe ya daɗe yana murza ɓawon gyaɗa. Sannan ya ce mai littafin nan ya san mutane, ya fi shi gaskiya. Amma shi a inuwa ya zauna ya rubuta wa waɗanda ke gidajensu, don su ji tsoro. “Ni kuwa fasinjana a ɗaure suke,” in ji shi, “dole in kai su gaci.”

Ya ce ba duka suka kai ba. Ya kira sunan mutum biyu, muka ɗaga hannu muka yi musu addu'a.

Don haka ki yi haƙuri, littafi ba zai biyo Tayyib ba. Armaya'u ya ƙwace ya sa a ƙarƙashin matashi, wai kayan ubangida na bawa ne. Ya ce in kina so ki zo da ƙafarki in hanya ta yi kyau, zai haɗa miki da nasa ƙarshen, ki kai wa malaman naki duka biyu su zaɓa. Ni dai ban san wanda zan zaɓa ba, kuma ina son in ji abin da za su ce. In kin zo kada ki durƙusa masa da yawa. Ki gaishe shi, sannan ki tambaye shi ko ruwa ya ƙaru.

Zuwairatu da Muntaka suna gaishe ku. Ki gaya wa Jannat na fasa sakin nan, na yi bincike ban sami wadda ta fi ta ba.

Maganar nan kuwa da na buɗe miki da ita tun farkon kaka, ta tsohon da ke tuƙa mutane a kan busasshiyar ƙasa, na ji ta a bakin mai goro na ƙaryata, na ƙara jin ta a motar Tayyib na ce zancen tasha ne. Wanda ya faɗa mini ita na ƙarshe shi ne matuƙin da kansa, Armaya'u ɗan Goggo Jinjiri, bawana, bakinsa cike da gyaɗata.

Wassalam. Mahaifinki,
Rabe.